Ƙarar da Haladu Ya Ji Ranar Suna

An yi wani mutum a wani gari can baya, bawan Allah mai suna Haladu, gyaran janareta ne sana'arsa. Ba shi da wata na'urar gwaji. Sukundireba yake dafawa a jikin inji, ya kara kunnensa a ƙotar, ya ji inda ciwon yake.

Wata Laraba ya gyara injin Alhaji Barau, don washegari sunan jikarsa. Ranar sunan da azahar ya biyo ta ƙofar gidan, sai ya jiyo injin yana wani fat-fat-fat, kamar ana kakkaɓe tabarma. Ba haka ya bar shi ba.

Ku saurara, 'yan'uwana mata, nan ne raina yake ɓaci. Duk gidan sun ji ƙarar nan tun safe. Me suka yi? Suka janye injin zuwa lungu, gindin tagar mai jego, suka kare shi da buhuna don kada ya dami baƙi. A ɗakin kuwa jaririya na barci, ga yara uku an kwantar saboda fanka.

Haladu ya yi sallama sau uku, kiɗa ya hana a ji. Sai ya kutsa tsakar gida, cikin mata, abin da namiji baƙo ba ya yi. Ya yaye buhunan, ya kara kunne, ya kashe injin. Mata suka yi masa ca, wata ta ce mahaukaci ne, wata ta ce ɓarawo. Alhaji ya fito ya ci kwalarsa.

"Kai da ka gyara jiya, yau ka zo ka kunyata ni gaban surukaina?"

Ku lura, da Haladu ya so sai ya ce fetur ne marar kyau, kowa zai yarda. Amma ya ce, "Alhaji, laifina ne. Ban ɗaure notin salansa, wato bututun hayaƙi, da kyau ba, hayaƙi ɗakin nan yake shiga. A fito da yaran."

Aka fito da su. Biyu na amai, jaririya ta yi laushi kamar tsumma, sai da aka yi ta fifita kafin ta yi kuka. Alhaji ko godiya bai yi ba. Bin gari ya yi yana cewa Haladu bai iya aiki ba, har masu kawo masa gyara suka ragu. Haladu bai taɓa kai ƙara wurin kowa ba.

To, darasin a fili yake: mutumin kirki shi ne wanda zai yarda sunansa ya zube don ran wani ya tsira. Ku masu gyara, in kun yi kuskure ku faɗa. Mu kuma iyaye, in inji ya canza murya bayan gyara, a kashe shi, a kira mai gyaran, a nisanta shi da taga. Buhu ba magani ba ne. Yaron da ke barci ba zai iya ce miki yana shaƙewa ba. Ke aka ba amanar ji.