Kwaɓin da Ya Ƙi Miƙuwa

Akwai wani magidanci a wani ƙaramin gari, manomi ne, yana da mata da 'ya guda mai suna Kyauta. Kyauta ta yi aure, tana can birni mai nisa tare da mijinta, gidan ya rage daga shi sai matarsa. Matar nan a dā mai kuzari ce, ita take soya fanke a bakin makarantar firamare, ba wanda bai san ta ba. Sai wata damina ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da ita. Hannunta na dama ya daina aiki, ƙafarta ta yi nauyi, magana ma sai da ƙyar take fita.

Tun daga ranar mutumin ya ɗora wa kansa dukan aikin gidan. Shi ne ɗebo ruwa, shi ne girki, shi ne wanki. Ya yi mata wanka, ya shafa mata mai, ya juya ta a kan gado don kada bayanta ya yi gyambo, sa'an nan ya saɓi fartanya ya nufi gona, ya dawo kafin rana ta take tsaka. Matan zumunta na ikilisiyarsu sun yi ta zuwa. Shugabarsu, wata dattijuwa da ake kira Mama Tabita, ta ce a bar su su raba kwanaki a tsakaninsu, su riƙa kama masa. Amma kullum sai ya tare su a zaure, ya yi godiya, ya ce ai aikin ba shi da yawa. A ransa cewa yake, shi ne ya tsaya a gaban Allah da jama'a ya yi alkawarin riƙe matar nan cikin lafiya da cikin ciwo, in ya bar wa wasu, kamar ya tauye alkawarin ne. Ban da haka kuma akwai kunya, ba ya so a ga yadda ɗakinsu ya koma.

Damina ta wuce, rani ya wuce, wata daminar ta shigo. Mutumin ya rame, idanunsa suka faɗa. In ya durƙusa yin addu'a da safe, barci ne yake ɗauke shi tun bai kai ga amin ba. Ana cikin haka matar ta fara ƙin abinci. Ya tuƙa tuwo ta kawar da kai, ya dama kunu ta kurɓa sau ɗaya ta ture kofin. Ma'aikacin asibiti ya gaya masa cewa muddin ba ta ci ba, magani ba zai yi mata aiki ba. Ya dawo gida da wannan magana kamar dutse a ƙirji.

Wata safiya yana goge mata fuska, sai ta ce ta tuna da wani abu. Lokacin da suka je birni sunan ɗan Kyauta, surukinsu ya sayo musu wata gurasa mai faɗi, da tumatir da cuku narke a kanta, wadda ake ce wa fiza. Ta ce in da za ta sami wannan, da ta ci. Rabon da ta nemi wani abu da bakinta har ya manta.

Ba mai sayar da irin wannan a garinsu, saboda haka ya kira Kyauta a waya. Ta yi dariya, ta ce, “Baba, ba wuya ko kaɗan.” Ta ce ya sami fulawa da yis da ɗan sukari da gishiri, ya zuba ruwan ɗumi da ɗan mai, ya kwaɓa, ya yi ta murzawa har ya yi santsi. Daga nan ya rufe ya bar shi ya tashi, kafin ya faɗaɗa shi a faranti. Batun gasawa kuma, ta ce ya zuba yashi a gindin babbar tukunya ya ɗora a garwashi, kamar yadda uwarta take gasa kek lokacin Kirsimeti.

Ya ji duka. Amma zancen a rufe a bari, bai zauna masa ba. Ciyawa tana cin masararsa, ga wanki jiƙe a baho tun jiya, ga kuma tsoro kada marmarin da matar ta ji ya wuce kafin ya gama.

Ya je kasuwa ya haɗo kayan, har da cuku daga wurin matan Fulani. Ya zauna a ƙofar ɗaki ya kwaɓa, ya murza da dukan ƙarfinsa har kwaɓin ya haɗe ya yi santsi. Nan take ya ɗora shi a faranti ya danna da tafin hannu. Kwaɓin ya buɗe kaɗan, yana ɗaga hannu ya tsuke ya koma. Ya ɗauko kwalba ya murza a kai, ya sake komawa. Ya kama gefe da gefe ya ja, sai tsakiyar ta yage. Ya dunƙule, ya ƙara fulawa, abin ya ƙara tauri. Gumi ya rufe masa ido. Can sai ya ga kansa yana dukan kwaɓin da dunƙulen hannu, yana duka yana huci, har farantin ya loɓa. Ya tsaya ya dubi kwaɓin, ya ce a hankali, “Har kai ma?” Ya ɗauki kwaɓin ya jefa a kwano.

Ƙofar ɗakin a buɗe take, matar tana kallon komai daga kan gado. Ta tattara ƙarfinta ta kira shi.

“Baban Kyauta. Rufe shi, ka bar shi.”

Ya ce mata babu lokaci, ga rana tana tafiya.

Ta daɗe kafin kalmomin su fito. “Ba ya tashi a hannun mutum. Zo ka zauna kusa da ni.”

Ya jiƙa tsumma mai tsabta ya rufe kwanon. Ba don ya yarda ba ne, ƙarfinsa ne ya ƙare. Ya shiga ya zauna a ƙasa, ya jingina da gadon, da niyyar ya ɗan numfasa ya tashi ya kama wanki. Matar ta miƙo hannunta na hagu, mai lafiyar, ta ɗora a kansa. Kafin ya ankara barci ya kwashe shi.

Yana cikin barcin Mama Tabita ta zo, kamar yadda ta saba zuwa ana mayar da ita. Ta yi sallama a zaure ba a amsa ba. Ta sake yi, shiru. Sai ta shiga har tsakar gida, ta leƙa ɗakin. Ta ga mutumin zube a ƙasa, baki buɗe, fulawa har gwiwar hannu. Matar ta dube ta, ta yi mata alama da ido kada ta tashe shi. Mama Tabita ta ɗaure ɗamara ta nufi bahon wanki.

Da ya farka rana ta yi sanyi. Ya fito a firgice, ya tarar da zannuwan gado a kan igiya, tsakar gida a share, garwashi ya kama a murhu, ga tukunyar yashi tana ɗaukar zafi, yadda matarsa ta kwatanta wa Mama Tabita. Kunya ta rufe shi. Ya fara ba da haƙuri, yana cewa da ba ta wahalar da kanta ba, dama yanzu yake shirin yi. Mama Tabita ta bari ya gama, sa'an nan ta ce, “Baban Kyauta, matar nan 'yar'uwarmu ce tun kafin ta kwanta. Ka hana mu ita.”

Ya sunkuya ya ɗaga tsumman da ke kan kwanon. Kwaɓin ya kumbura ya cika kwanon, ya yi laushi, yana ƙamshin yis. Ya juye shi a faranti ya taɓa da 'yan yatsu kawai, sai ya buɗe, ya tsaya inda aka sa shi. Ya bi da shi har gefen farantin bai yage ba. Ya shafa markaɗen tumatir, ya barbaɗa albasa da cuku, suka sa a tukunya suka rufe.

Gindin ya ɗan ƙone, cukun ma bai narke kamar na birni ba. Matar ta ciji tsakiyar mai laushi, ta daɗe tana taunawa, sa'an nan ta nuna a ƙara mata. Ta ci rabin yanka ta ce ta ƙoshi. Ba ta warke ba, hannun nan bai dawo ba. Amma daga wannan mako matan zumunta suka fara shigowa har ɗaki, ta kuma koma cin abinci kaɗan kaɗan, don akwai masu hira da ita tana ci. Shi kuwa mutumin, wani lokaci in ya je gona, sai ya yi noma kaɗan ya kwanta gindin mangwaro ya yi barci.

To, ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa. Kwaɓin nan shi ne nauyin da Allah ya sa a hannun kowannenmu, ko mara lafiya ne a ɗaki, ko ɗa mai taurin kai, ko hidimar ikilisiya da ba mai gode maka. Murzawar da mutumin ya yi ba laifi ba ce, in ba a murza ba gurasa ba ta yiwuwa. Amma akwai aikin da ba na hannunsa ba. Yis ɗin yana aiki ne a ɓoye, a ƙarƙashin tsumma, sa'ad da mai kwaɓin ya janye hannu. Haka alherin Allah yake. Ba ya jiran sai mun ga yadda yake yi, ba ya kuma tsayawa don mun yi barci.

Na san a cikinmu akwai waɗanda suka zo yau da gajiyar da ba su gaya wa kowa ba. Kuna ja, abin yana tsukewa, kuna ƙara ƙarfi, yana yagewa. Ku bincika zuciyarku, gama wani lokaci abin da muke kira aminci, girman kai ne da kunya suka sa rigarsa. Ubangiji da kansa ya keɓe ranar hutu, ya kuma sa mu cikin jama'a don kada kowa ya ɗauki kayansa shi kaɗai. Wanda ya ƙi hutu, ya ƙi taimako, cewa yake yi a ransa duniya za ta rushe in ya saki. Ba za ta rushe ba, tana da mai riƙe da ita.

Ban yi muku alkawari cewa mara lafiyarku zai miƙe ba, ko yaron zai shiryu gobe. Abin da nake cewa shi ne, ba a halicce ku don ku mutu a bakin aiki kuna duka da dunƙulen hannu ba. Ku kuma da Allah ya ba ku sauƙi a wannan lokaci, akwai gidan da kuka sani, mai shi ya daɗe yana ce muku lafiya lau. Kada ku gaji da komawa. Wata rana zai kasa fitowa ya mayar da ku, ranar ce ya fi bukatarku.