Tozon Sarkin Fawa da Kujerar Makka

Ku gyara zama, yau na zo muku da gardama, kuma ba mai tashi sai an raba ta.

A wani gari an yi Sarkin Fawa, Barau Mai Tozo, mutum ne ƙaƙƙarfa mai fara'a. Al'adar mahautan garin ita ce, duk wanda ya yanka sa sai ya aiko wa sarki yankin tozo, shi kuma ya gasa ya ci a gaban jama'a. In ya ƙi ci, to ya nuna naman ba shi da kyau ke nan, ranar mai shi ba zai yi ciniki ba. Shekara talatin Barau yana wannan aiki, kuma ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba.

Da ya samu kujerar Makka, murna har ta hana shi zama. Ya tafi gwajin lafiyar maniyyata yana taku ɗai-ɗai, likita ya auna shi ya girgiza kai. Jini ya hau, zuciya ta gaji. Ya rubuta masa magani, ya ce ya dawo bayan wata uku. In ba sauyi, ba tafiya, kuma ransa ma yana cikin haɗari. Barau ya dawo gida jiki a sanyaye, tsoro ya kama shi sosai.

'Yarsa Barira ce ta fara ɗaura ɗamara. Ta karɓe tukunyarsa, ta rage gishiri da mai, ta kori dunƙule, ta koma daddawa da tafarnuwa. Yau kwaɗon zogale, gobe faten wake da alayyafo, zoɓo kuwa ba sukari. Barau ya tura kwano ya ce, "Ni akuya ce?" Ta ce, "Baba, in ba ka ci ba, ni ma na bar cin abinci." Da ya ga da gaske take har ta fara ramewa, ya ja kwano gabansa.

Amma an gudu ba a tsira ba, domin tozo yana jiransa a kasuwa, sabo kuwa turken wawa. Nan babban ɗansa Sallau ya shigo. Ya bi mahauta rumfa-rumfa yana roƙon a sauya al'ada: sarki ya duba nama, ya dafa shi da hannu ya sa albarka, a kai wa marayun unguwa. Tsofaffi suka yi masa ca, wasu suka ce gadon rawani yake yi wa gaggawa tun ubansa yana da rai. Maganar ta yi masa ciwo, amma bai fasa ba. Ranar kasuwa ya tsaya a tsakiyarsu ya ce, "Iyayena, ku zaɓa, ko tozo ya shiga cikin sarki, ko shi ya shiga jirgi." Sai dattijon cikinsu ya miƙo nasa tozon, sarki ya dafa shi da hannu.

Da Barau ya ji ƙarfi ya fara dawowa, sai ya yi wautar da masu jin sauƙi suka saba yi. Ya ce ai ganye ya gama aiki, ya tura ƙwayoyin likita ƙarƙashin buzu, ya sayi wasu kwalaben maganin gargajiya wurin masu talla da lasifika. Ƙaramin ɗansa Tanimu ne ya tarar da shi wata hantsi a zaure, dafe da ƙirji, gumi na keto masa. Bai tsaya kiran kowa ba, ya ɗora shi a babur, ya ɗaure shi a bayansa da rawani, ya kwashi kwalaben a buhu don likita ya gani, sai asibiti. Aka ce da an ƙara jinkiri, da sai dai wani labarin. Daga ranar Tanimu ba ya barin wurin sai uban ya haɗiye magani ido na ganin ido, kuma kullum da safe sai sun taka har kara, wato kasuwar shanu, sun dawo.

Wata uku suka cika. Likita ya auna, ya sake aunawa, ya ɗago yana murmushi ya ce, "Sai a fara haɗa kaya, Alhaji." Barau ya rungume shi yana hawaye. Kafin ya iso gida kalangu ya karaɗe unguwa, mata na guɗa, mahauta na rawa da wuƙaƙe a sama. Don murna mahautan suka haɗu suka ƙara masa kujera guda, suka ce ya zaɓi ɗan rakiya daga cikin 'ya'yansa.

Barau ya dubi Barira, ya dubi Sallau, ya dubi Tanimu, ya rasa wanda zai zaɓa. Ba don girkinta ba da jinin bai sauka ba, ba don tsayuwar Sallau ba da girkin ya tashi a banza, ba don Tanimu ba da tuni an yi sadakar arba'in.

To jama'a, kujera ɗaya ce. Wa zai zauna kusa da Barau a cikin jirgi?