Gonar Albasar Jatau

Dokar Kwarin Gawo ta hana caca, amma Ciyaman ya yi wa ubangidansa na siyasa alkawarin filin gidan caca. Sai ya kira Jatau, manomin albasa a bakin iyaka.

"Jatau, ka tashi daga gonarka kafin Juma'a."

Jatau ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, ba an hana caca ba?"

"Gonarka tana wajen gari, dokarmu ba ta kai can ba."

"To, yallaɓai, inda dokarka ba ta kai ba, da wace ƙafa umarninka ya je?"

"A cikin gari take!" in ji Ciyaman a fusace.

"Madalla! Ashe caca ta haramta a cikinta."

Kansiloli suka tuntsire da dariya. Jatau ya koma ban ruwansa.