Takalmin Mijin Iya Mai Shara

Akwai wani ɗalibi a jami'a, yana shekarar ƙarshe a fannin adabi da wasan kwaikwayo. Abokansa suna ce masa Farfesa, don ba ya buɗe baki sai ya ce "na karanta a littafi kaza". Ƙwaƙwalwa kam yana da ita, wannan ba a ja. Amma ji da kai, kamar shi ya ƙera alƙalami.

Ƙa'idar ajinsu ita ce kowa ya rubuta wasa da hannunsa, ya ɗora a dandamali malamai su gani. Wanda wasansa ya faɗi sai ya maimaita shekara. Shi kuwa Farfesa uwa kaɗai gare shi, tela ce, da keken ɗinki ta kawo shi inda yake. Bayanta ya gaji, ba ta da ƙarfin wata shekarar.

Wasansa labarin wata mata ne da mijinta ya rasu. Ya sa wata 'yar ajinsu, Auta, ta fito a matsayin matar. Ya rubuta mata kuka har shafi uku: ta faɗi, ta yi birgima, ta ɗora hannu a ka tana ihu.

Akwai wata dattijuwa mai share zauren da suke gwaji, kowa Iya yake ce mata. Rannan ta jingina tsintsiya ta tsaya kallo. Can ta ce:

"Ɗana, wannan matar mijinta ne ya mutu, ko kunama ce ta harbe ta?"

'Yan wasa suka tuntsire da dariya, har Auta da ke kwance a ƙasa.

Farfesa ya gyara tabarau. "Iya, wannan ilimi ne, shekara huɗu nake karanta shi. Ki ji da ƙarƙashin kujeru, ga ledoji can baya."

"To, Allah ya ba da sa'a," in ji ta. Ta ɗauki tsintsiyarta.

Saura kwana goma a nuna wasa, Dakta mai duba aikinsa ya zo ya kalli gwaji. Da aka gama ya rufe littafinsa ya ce, "Na ji ihu, amma ban ga rashi ba. In wannan za ka nuna mana, fara neman ɗakin kwanan baɗi."

Farfesa ya tattara takardunsa. Ya koma littattafansa, babu abin da suka ƙara masa. Auta ce ta ce, "Iya fa shekara ashirin da rasuwar mijinta. Ka sauke girman kan nan ka je."

Ya sami Iya a ƙarƙashin bene tana wanke tsumman goge ƙasa.

"Iya, sannu da aiki."

"A'a! Farfesa da kansa? Littattafan ne suka ƙare?"

Ya ba ta haƙuri, ya faɗi buƙatarsa, ya sa hannu a aljihu.

"Bar hannunka inda yake," ta ce. "Abin da na sani ba a kan tebur na saye shi ba. Kwana bakwai za ka share zauren nan tare da ni."

"Haba Iya! Ga gwaji a gabana. Kwana biyu dai."

"Albarka."

"Uku."

"Albarka. Ƙaro."

"To, biyar."

"Na sallama. Amma yau mai saye ne zai ba da gyara. Kujera biyu a layin gaba ranar wasa: ɗaya tawa, ɗaya ta uwarka."

Kwana huɗu yana shara, ba ta ce masa uffan a kan wasa ba, sai dai "ka bar ƙura a lungun can". 'Yan ajinsu na wucewa suna cewa, "Farfesa, ƙarin girma aka yi maka?" Ya haɗiye.

Rana ta biyar ta zauna a bakin dandamali ta miƙe ƙafa.

"Kukan da ka rubuta na kwana uku ne, lokacin gida cike da mutane. Rashi sai an watse yake shigowa. Mijina direba ne, takalmin fita ɗaya gare shi. Kullum da safe ni ke goge shi, in ajiye a bakin ƙofa yana kallon waje. Da ya rasu, sai na tsinci kaina ina gogewa. Na ajiye. Da yamma na shigo da shi kada raɓa ta taɓa. Shekara biyu ina haka, ba hawaye ko ɗigo."

"Ranar da kika daina fa?" in ji Farfesa.

"Makara na yi, na fita aiki da sauri. Sai a hanya na tuna ban goge ba. Nan bakin titi na zauna na yi kukan da ban yi ba."

Farfesa ya ce, "Ni ma maraya ne, Iya, amma ban taɓa ganin haka ba."

"Kai maraya ne, ba kai ne matar ba. Ka taɓa tambayar uwarka?"

Farfesa ya jingina tsintsiya ya fita.

Ya je ya soke shafi ukun nan kaf. Ranar wasa, Auta ta fito da takalmi da tsumma, ba ta ce komai ba. Ta goge, ta hura masa iska, ta ajiye a bakin ƙofa, ta gyara masa zama. Zaure ya yi tsit, ko tari babu.

Da aka gama Dakta ya ce, "Ka wuce. A wane littafi ka samo wannan?"

Farfesa ya nuna layin gaba. "Ga littafin nan zaune, ranka ya daɗe."

Iya ta miƙe ta gyara mayafi. "Kuma ba kyauta na ba shi ba."

A waje uwarsa ta riƙe hannunsa, idonta jajir.

"Ni nawa ba takalmi ba ne," ta ce. "Agogon hannun babanka da ke kusa da keken ɗinki. Shekara goma sha shida yana tafiya, kai a zatonka da kansa yake yi? Na murɗawa ne. Kullum kafin ka tashi."

Farfesa ya cire tabarau ya share ido.

"Umma, gobe ki tashe ni. Ki koya mini yadda ake murɗawa."

Darasi: Kada ka raina wanda bai riƙe alƙalami ba, wataƙila abin da kake nema a littafi shi a jikinsa ya karanta. Kuma kafin ka rubuta ciwon mutanen duniya, tambayi na cikin gidanku. Ku tura wa 'ya'yanku da ke makaranta, yau su zauna su saurari iyayensu.