Takalmin da Ya Tona Asirin Rahima

Akwai wata baiwar Allah a Gashuwa mai suna Rahima, tana suyar kifi a bakin kasuwa. In ka yi mata magana ta hagu ba za ta ji ka ba, kuma ba haka aka haife ta ba.

Shekara uku da suka wuce, mijinta na lokacin, Yuguda, ya yi mata dukan da ta kasa ɗaga hannu. Ta lallaɓa zuwa wani ƙaramin asibiti, inda aka ware ɗaki don matan da aka ci zarafinsu. Kamar kowace 'yar mutunci, ta tuɓe takalminta a bakin ƙofa ta shiga.

Ƙofar kuwa tana kallon inuwar da masu Napep suke zama. Kun san halin mutanenmu, wani ya fi sanin takalmin matar maƙwabci a kan lambar wayarsa. Kafin ta fito labari ya kai kunnen Yuguda. Marin da ya tare ta da shi a soro shi ya kashe mata kunne. Aure ya mutu, amma har yau tana tsoronsa.

Ran nan ƙanwarta Zahra ta shigo tana dafe da haƙarƙari, numfashi da ƙyar.

"Yaya, faɗuwa na yi," in ji ta.

"Na san irin faɗuwar nan. Mijinki ne. Tashi mu je ɗakin nan a duba ki."

"In je a ga takalmina? Ai na ga yadda aka yi da ke!"

Kwana biyu Rahima tana kallon ƙanwarta tana ramewa, tsoro ya hana ta cin abinci.

Ana haka sai ga Dada Huseina daga Nguru, tsohuwar ungozoma ce da ke haɗa kan matan da suka sha irin wannan azaba. Ta ce kwamitin asibitin zai zauna gobe ya rufe ɗakin, wai ba mai zuwa.

"'Yata, ke kika san dalili. Ki faɗa musu."

"Dada, a gaban maza? Wallahi Yuguda zai ji."

"Zai ji. Ba zan yaudare ki ba. Amma za mu zauna a bayanki."

Washegari aka taru a harabar asibiti. Mata sun zauna a tabarma, kowa ta ja mayafi. Rahima ta waiga, sai ga Yuguda jingine da katanga yana kallonta. Ta ji kamar ta kwasa da gudu.

Shugaban kwamiti, Alhaji Musbahu, ya gyara zaman hularsa.

"Shekara uku, mace biyu kacal suka shiga ɗakin nan," ya ce. "Ashe mu nan ba mu da wannan matsalar. Mata dai da son ƙorafi! Mu mayar da shi ɗakin ajiya."

Maza suka yi dariya. Rahima ta tuna numfashin Zahra. Ba ta san lokacin da ta miƙe ba.

"Ranka ya daɗe," in ji ta, "ni ce ɗaya daga cikin biyun."

Ta faɗi komai, tun daga tuɓe takalmi har marin soro. Ta ce, "Matsalar tana nan. Ƙofarku ce take tona mana asiri."

Alhaji ya taɓe baki. "Labarin mutum ɗaya ai ba hujja ba ne."

Sai wata murya daga tabarma ta ce, "Ni ma na zo har bakin ƙofar na juya." Wata ta ce, "Ni sau biyu." Ɗaya bayan ɗaya suka miƙe, har mata goma sha huɗu, wasu suna kuka. Da Rahima ta sake waigawa, Yuguda ya sulale.

Alhaji Musbahu ya sunkuyar da kai, kunya ta rufe shi. Malamar asibiti, Sadiya, ta ce ai ɗakin yana da wata ƙofa ta ɓangaren masu awon ciki, kabad ce kawai ta tare ta. Nan take ya sa aka janye kabad ɗin, aka rufe ƙofar waje, aka ce kowa ta shiga da takalminta.

Da safe Zahra ta bi ayarin masu awo ta shige, ba wanda ya lura. Rahima na zaune a benci tana jira, har Sadiya ta fito ta zauna ta damanta.

"Haƙarƙari biyu sun karye, yanzu za mu tura ta babban asibiti," ta ce. "Da kin yi shiru jiya, ban san ko za ta kai Juma'a ba."

Darasi: Shirun mata ba ya nufin lafiya lau suke. Kafin ka ce ba mai kuka, tambayi abin da ya hana su zuwa. Ke kuma da ke jin tsoro, ki nemi 'yan uwa su tsaya a bayanki ki yi magana, wataƙila ran wata za ki ceta. Ku tura wa duk wanda ke da ta cewa a asibitin unguwarku.