Abin da Ya Gani Wajen Sallame Salla

An yi wani mutum, ɗan Damagaram. Ba zan kama sunansa ba, don yana nan da rai a Saint-Denis, gefen Paris. Ya yi karatu, ya samu aiki a Paris wajen wani babban kamfani mai ƙera processeur, ɗan ƙarfen nan da shi ne ƙwaƙwalwar kwamfuta. Aikinsa raba kaya ga ƙananan masu haɗa kwamfuta.

Kamfanin yana da abokin gasa wanda kayansa suka fi araha. Manyan wurin aikinsa suka gaya wa mutumin nan da baki, ba a rubuce ba: duk wanda ya saya wajen wancan, a ja masa rai. A shekarun nan kuwa kaya ba sa isar kowa, sai an bi layi.

A Vaulx-en-Velin, gefen Lyon, akwai Alhaji Adoum, mutumin Cadi, mai ɗan shagon haɗa kwamfuta, yana cikin masu sayen kaya wajen mutumin nan. Gidaje da dama daga shagon nan suke ci. Aka yi masa haihuwa, ya gayyaci mutumin nan suna. Mutumin ya hau jirgin ƙasa ya je, ya ci ya ƙoshi. Azahar ta yi, gida ya yi wa jama'a kaɗan, sai Alhaji ya buɗe ɗakin ajiyar shago aka shimfiɗa dardumai. Wa ke ɓoye wa baƙonsa ɗaki?

Liman ya sallame. Mutumin ya juya dama, ya juya hagu, idonsa ya faɗa kan kwalayen wancan kamfani. Ya 'yan uwa, kafin a shafa addu'a zuciyarsa ta riga ta koma ofis. Ran Litinin ya mai da sunan Alhaji ƙarshen layi.

Alhaji ya kira shi. "Malam, ina gajiya? Makarantu na jiran kwamfutocinsu kafin yara su koma. Lafiya dai?"

"Masana'anta ce ta gaza, Alhaji. Sai haƙuri."

Rabon Alhaji kuwa yana nan jibge. Makarantu suka janye, shago ya rufe, ma'aikata suka watse.

Daga baya hukumar da ke hana danniya a kasuwa ta shiga bincike. Manyan suka ce su ba su san zancen ba, ina takarda? Aka kori mutumin, babu kamfanin da ya ƙara kallonsa. Bai yi kuka ba, bai yi fushi ba. Yakan hau jirgin ƙasan RER da safe ya zauna har inda ya tsaya, ya dawo, bai san me ya fito yi ba.

Shekaru suka ja, ya ce bari ya je neman gafara. Hajiya Maryama, matar Alhaji, ta buɗe masa ƙofa, ta ba shi ruwa. Alhaji na kan kujera. Hawan jini ya shanye masa rabin jiki bayan rufe shago, baki ya tafi, ba ya gane kowa. Mutumin ya durƙusa ya faɗi duk abin da ya yi. Alhaji ya yi masa murmushi.

Hajiya ta ce, "Haka yake yi wa kowa, Malam."

To, wa zai yafe masa? Ya 'yan uwa, Allah yana yafe haƙƙinsa ga wanda ya tuba, amma haƙƙin bawa sai mai shi ya buɗe baki. Kada ka ce umarni aka ba ka, mai umarnin ba zai shiga kabarinka ba. Wanda ya danne wa wani abinci, ya je yau, tun mai haƙƙin yana iya amsawa.

Allah ya kiyaye mu da cin amanar gidan da muka ci tuwo. Amin.