Maganar da Aka Wanke Sau Uku

Ku gyara zama. Ke kuma ajiye tsintar shinkafar nan, ba guduwa za ta yi ba. Yau ba labarin gizo na zo muku da shi ba. Wata magana ce da na daɗe ina juyawa a raina, na juya ta dama ta ƙi, na juya ta hagu ta ƙi, shi ne na ce bari in sauke muku ita, ku ma ta hana ku sakat yadda ta hana ni.

A garin da na yi aurena na fari, wani ƙauye a bakin gulbi, muna da zaman mata duk ranar Laraba bayan azahar, a tsakar gidan Goggo Dudu, ƙarƙashin wani tsohon mangwaro. Kowace takan zo da tabarmarta da ɗan aikin hannunta, mai saƙar hula, mai ɓarar gyaɗa, mai tsifar kai. A nan ake jin wadda ke neman irin wake, da wadda ɗanta ya ƙi nono, da wadda ke son a koya mata haɗa sabulu. Ba a tashi sai an haɗa mai nema da mai shi.

Amma ba sabulu ne ya riƙe zaman nan ba. Wata al'ada ce da muke kira wankin magana. In mace tana da damuwar da take kunyar a ji daga bakinta, sai ta faɗa wa aminiyarta. Aminiyar ta cire sunan, ta cire duk abin da zai sa a gane mai ita, ta miƙa wa wata. Waccan ma ta ƙara wankewa, ta miƙa wa ta uku. Ta ukun ce za ta faɗa a kan tabarma, ta fara da cewa, "Wata baiwar Allah ce." Sai a yi shawara, amsar ta koma ta hanyar da tambayar ta biyo. Doka ɗaya Goggo Dudu ta kafa, kuma ba ta wasa da ita: duk wadda ta ambaci sunan mai magana, ta naɗe tabarmarta, ta bar zaman ke nan. Saboda wannan dokar mata suka riƙa fito da abin da ko uwarsu ba su iya gaya wa.

Mata uku nake so ku riƙe. Ta farko Hansai, dattijuwa mai kaɗin zare, tana zama can gefe jikin rumbu. Shekara da shekaru tana zuwa, amma ban da sallama da amin ba a jin bakinta. Ta biyu Zuwaira mai kitso, yarinyar mace, mai riƙon amana har ana tsokanarta da cewa cikinta rijiya ce. Ta uku Sahura mai daddawa, wadda ƙafarta ba ta san gida ba. Ba zaman matan da ba ta leƙawa, na ƙetaren gulbi, na garin kasuwa, har na matan masunta. Gori kam ta sha shi, mijinta ma ya sha ja mata kunne a kan yawon nan.

Ranar da abin ya faru tsakiyar damina ce. Gulbi ya kawo ya yi maƙil, hadari yana haɗuwa yana watsewa, iska ta ɗauke, kowa sai fifita yake da bakin mayafi. Ni ce baki na uku a ranar. Matar mahauci ce ta ba ni maganar da safe, ta wuce biki wani gari. Da aka zo kaina na ce, "Wata baiwar Allah ce ke tambaya. Zobenta ya ƙi fita, takalminta ya ƙi shiga, kanta na sara ba hutu, in ta ɗaga ido sai ta ga wasu abubuwa suna gilmawa kamar ƙwarin damina. Me za ta sha?"

Aka kwashe da dariya. Wata ta ce maigidan nan ya iya kiwo. Wata ta ce a ce mata ta rage man shanu. Aka ce ta jiƙa tsamiya ta sha, Goggo Dudu har ta buɗe baki za ta wuce zuwa zancen sabulu.

Sai muka ji mazari ya faɗi ƙasa. Hansai ce. Ta ce, "Ciki gare ta?"

Na ce, "Wallahi Iya ban sani ba, haka aka ba ni."

Tsohuwar nan ta miƙe tana dafa rumbu. Ranar muka ji abin da ta haɗiye tun kafin a haifi wasunmu. 'Yarta ta fari, wadda ko sunanta ba ta taɓa kamawa ba don kunya, haka ta fara da cikin fari: zobe ya ƙi fita, takalmi ya ƙi shiga. Ta ce su ma dariya suka yi, su ma tsamiya suka jiƙa. Sai jijjiga ta kama yarinyar tana tsakar daka, ta taune harshenta, ta tafi da abin da ke cikinta. Zoben nan sai da aka yanke shi wajen wankan gawa. Hansai ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "In ciki ne da baiwar Allahn nan, ba za ta ga Laraba mai zuwa ba."

Wata ta ce, "Haba Iya, bakinki ya sari ɗanyen kashi!"

Ko kallonta Hansai ba ta yi ba. Ta ja tabarmarta ta shimfiɗa a bakin ƙofa, ta zauna ta miƙe ƙafa, ta ce ba mai fita sai an san ko wace ce.

Wuri ya rikice. Masu ciki da ke nan suka shiga nuna ƙafafunsu, kowace tana cewa ku duba, ba ni ba ce. Aka shiga lissafa gidaje, a kama wannan a saki, a kama waccan a saki. Matar mahauci da za a tambaya tana can wajen biki. Goggo Dudu ta tashi ta zauna, ta kwance ɗankwali ta sake ɗaurawa. Dokarta ce, ita ta kafa ta, ga shi yau ta zame mata ƙarfen ƙafa. A ƙarshe ta ce duk wadda ta san ita ce bakin farko, in an tashi ta saci jiki ta je ta isar da saƙo, ba sai an kama suna ba.

Duk abin nan Zuwaira tana durƙushe tana yi wa wata kitso, tana fizgar gashin, har mai kan ta ce mata, "Ke, gashin nawa za ki tuge?" Ita ce bakin farko. Aminiyarta ta haɗa ta da girman Allah kada ta faɗa, don cikin fari ne, tana jin kunya, kuma tana tsoron uwar mijinta ta ce raguwa aka kawo mata. Zuwaira ta san zuwa a ɓoye ba zai yi komai ba. Ta riga ta yi mata zancen asibiti ta ƙi, kuma uwar mijin ba za ta saurari yarinya mai kitso ba. In ba matan tabarmar nan ne suka ɗunguma gaba ɗaya ba, ba mai fito da ita. Ta tashi ta je randa ta sha ruwa, ta dawo ta zauna, ta sake tashi. Sannan ta sunkuya ta naɗe tabarmarta da hannunta, ta saƙale a hammata, tun ba a ce ta naɗe ba.

Ta ce, "Barira ce, ta gidan maƙera. Cikinta ya tsufa. Ni na cire cikin daga maganar, don in na bar shi kowa zai gane ta."

Na ji tausayin yarinyar nan har cikin raina, don a wannan numfashin ta rasa zamanta, ta rasa sunan da ta yi na riƙon amana, kuma ta san mai yiwuwa ta rasa aminiyar tata.

Muka kwasa sai gidan maƙera. Muka tarar da Barira a gindin murhu tana fama da hura wuta, fuska ta kumbura har idanun sun shige ciki. Ta ɗago ta ga taron mata, ta ga Zuwaira da tabarma a hammata, ta gane. Kallo ɗaya ta yi mata ta kau da kai. Uwar mijin ta fito tana cewa wa ya kai ƙarar gidanta, ɗanta yana Kudu wajen nema, ba inda matarsa za ta je ba da izninsa ba. Ba ta rufe baki ba Barira ta sulale, jikinta ya ɗauki kakkarwa, kumfa na fita. Uwar mijin ta fasa ihu tana cewa iska ce, a kawo garwashi a yi hayaƙi. Mu kuwa duk mun ruɗe, ga asibiti a ƙetare, ga gulbi ya cika, mazan garin ma sun ɗaure jiragensu.

Ban san sa'ad da Sahura ta fice ba. Sai hango ta na yi a bakin rijiya, ta kife turmi ta hau kai, don nan kaɗai waya ke kamawa a garin. Ta kira matar wani mai jirgi da suka saba a zaman matan masunta. Mijin ya ce shi ba ya shiga ruwan nan, matar ta ɗauki gora ta ce to ita za ta tura, dole ya karɓa ya tura. Ta kira wata da suke zama tare a garin kasuwa, wadda ƙanenta ke da mota, ta ce ya jira a bakin gaɓa. Ta kira wata ma'aikaciyar asibiti da kan zo zaman matan birni tana koyar da reno, ta faɗa mata abin da ake ciki don a shirya. Duk yawon nan da ake yi mata gori a kai, ranar ya yi rana.

Ta sauko daga turmin ta tsaya gaban uwar mijin ta ce, "Inna, in ɗanki ya dawo ki ce ni ce. Komai ya faru, a wuyana."

Aka ciro ƙyauren ɗaki aka ɗora Barira, muka kama muka nufi gulbi. A bakin ruwa muka yi kiciɓis da mijin Sahura yana dawowa daga gona. Ya ce, "Sahura, in kika sa ƙafa a jirgin nan, kada ki dawo mini gida." Ta dube shi, ta dubi Barira, ta tattare zani ta shiga. Ta ɗora kan yarinyar a cinyarta, ta juya ta gefe ɗaya kamar yadda ma'aikaciyar ta ce mata. Muna tsaye a gaɓa muna kallon jirgin yana hawa yana sauka, ba mai iya zama, ba mai iya komawa gida.

Allah ya yi da sauran kwana. A asibiti aka tare su da allura tun daga bakin ƙofa, washegari Alhamis aka yi mata aiki aka ciro 'ya mace, 'yar mitsitsiya, amma da ranta. Uwa ma ta tashi. Likita ya ce da an ƙara jinkiri kaɗan, da sai dai a yi ta'aziyya.

Laraba ta zagayo, jajiberin suna, muka hallara ƙarƙashin mangwaro, amma zaman ba daɗi. Ba wadda ta kawo maganar wanki ko ɗaya, kowa ta kama bakinta. Hansai ta zo ta rame, don tun da ta tono zancen 'yarta abinci ya ƙi shiga. Zuwaira tana zaure a tsaye, doka ta hana ta tabarma, kuma har ranar Barira ba ta aiko mata da ko gaisuwa ba. Sahura daga gidan iyayenta ta zo. Muna nan sai ga uwar mijin Barira da ƙullin goro. Ta ce ɗanta ya dawo, rago yana ɗaure, gobe da safe liman zai raɗa suna. Ɗan nata ya ce jaririyar nan sunan wadda ta ceci uwarta za ta ci, amma shi bai san ko wace ce ba, matan Laraba su zaɓa.

Nan fa gardama ta ɓarke. Masu bayan Hansai suka ce ba don ita ba, da dariya za mu yi mu watse, tsamiya ce za ta koma wa Barira. Aka ce musu to ina take duk shekarun nan, da ta yi magana tun da wuri ai da kowa ta san alamar. Masu bayan Zuwaira suka ce sanin ciwo ba ya warkar da wadda ba a san ko wace ce ba, ita ce ta sayar da mutuncinta ta sayi ran ƙawarta. Aka ce musu ai ita ta wanke maganar har ta wanke cikin, kuma ta karya rantsuwa, ga shi yanzu mata sun daina kawo damuwarsu, wa ya san wadda ke can tana kumbura a ɗaki? Masu bayan Sahura suka ce ku san ciwo ku san suna, in ba jirgi ba mota, a gindin murhu za ta cika. Aka ce musu ita fa matar mutane ta fitar ba izni, ta sa ta a ruwan da maza suka ji tsoro, da jirgin ya kife da yanzu wane suna ake kiranta da shi?

Har rana ta yi sanyi goron nan yana tsakiyar tabarma ba wadda ta taɓa. Kada ku dube ni, ba zan faɗa muku abin da muka yanke ba, don har yau ban tabbata mun yi daidai ba. Yarinya ɗaya ce, suna ɗaya za a raɗa mata, liman kuma yana jira. To ku da kuke zaune a nan, tsakanin Hansai da ta san ciwon, da Zuwaira da ta faɗi sunan, da Sahura da ta ƙetare gulbin, sunan wace ce za a sa wa yarinyar?